Makaɗan da ba su da ubangida

A ƙasar Hausa, idan aka ambaci makaɗi, tambayar da ke biyo baya ita ce: na wa ne? Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi ne. Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram ne. Mahauta suna da makaɗansu, maƙera da nasu, ƴan dambe da ƴan kokowa kowa da nasa. Ubangida shi ke ba da doki da riga da damin hatsi, makaɗi kuma ya san inda zai tsai da harshensa. Zamani ya juya, doki ya koma mota, amma tsarin yana nan. Yau ɗan siyasa ne, ko babban ɗan kasuwa, ko kamfani ke riƙe da mawaƙi, mu kuma mu ji abin da aka biya a rera mana.

Turawa ma suna da nasu iyayen gidan. Manyan kamfanonin faifai uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar waƙa ta duniya: Universal, Sony da Warner. Su ke ba mawaƙi kuɗin aiki, su yi masa talla, su tura waƙarsa gidajen rediyo, galibi kuma su ne ke mallakar abin da aka naɗa. A gefen wannan babbar kasuwa akwai wasu makaɗa masu cin gashin kansu. Su ke naɗar waƙarsu, ko su haɗa kai da ƙaramin kamfani, su ɗora ta a intanet, su jira wanda kunnensa zai kama. A kan waɗannan nake so mu yi hira yau, musamman masu kiɗan rok, domin shekaru ke nan ina sauraronsu, kuma na ga akwai abin da ya shafe mu, malamai da iyaye, a cikin lamarinsu.

Ga wanda bai saba ba, rok kiɗa ne da ya taso a Amurka cikin shekarun 1950, tushensa kuma kiɗan baƙaƙen fatar ƙasar ne. Kayansa kaɗan ne: jita mai aiki da lantarki, wata jitar mai kaurin murya da ake kira bas, da jerin ganguna da mutum ɗaya ke bugawa da hannu da ƙafa. Mutum uku ko huɗu sun isa ƙungiya. Da yawa daga cikinmu in sun ji kalmar rok sai su tuna wani mai gashi buzu-buzu yana ihu. Akwai irin wannan, amma gidan yana da ɗakuna da yawa, wasu ma shiru ya fi yawa a cikinsu.

Na haura shekara arba'in, fiye da ashirin daga ciki da alli a hannuna. Da kaset na tashi: Shata, Ɗan Maraya Jos, da kasusuwan jitar Abzinawa da direbobin hanyar Agadas ke saukowa da su. A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake koyar da yara waƙa, a ja baiti su amsa, a tafa hannu a kan lokaci. Abin da ya kai ni ga rok kuwa gyaran littattafan yara ne. Duk malamin da ke da aji mai yara saba'in ya san daren gyara: fitila, jan biro, tulin littattafai, da barci mai fizga. Waƙar Hausa ko ta Faransanci ba ta yi mini a wannan lokaci, don kunnena sai ya bi maganar ya bar aikin. Wani abokin karatuna da ke koyarwa a Yamai ya turo mini wani kiɗa ta WhatsApp, ya ce in gwada, babu mai rera komai a ciki.

Na wasu mutum huɗu ne daga jihar Texas ta Amurka, sunan ƙungiyarsu Explosions in the Sky, daga faifansu na 2003. Kiɗan ya kai minti takwas ko fiye. Jita ɗaya ce ke farawa a hankali, tana maimaita ƴan sautuka kaɗan kamar ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke ruwan sama. Sai ta biyu ta shigo ta kewaye ta. Ganga tana can ƙasa tana bugawa kamar zuciya. A hankali abin ke taruwa, kamar hadarin gabas, har ya cika ɗaki, sa'an nan ya lafa. Na gyara littafi goma sha biyar ban duba agogo ba.

Daga nan sai na fara bin sawu. A birnin Siyatil na Amurka akwai wani gidan rediyo, KEXP, wanda masu sauraro ke riƙe da shi da gudummawarsu. Suna gayyatar ƙungiyoyi su yi wasa kai tsaye a ƙaramin ɗaki, su ɗauki hoton, su ɗora a YouTube kyauta. Babu rawa, babu ado, babu motocin aro. Mutane ne a tsaye da kayan aikinsu, kana ganin yatsun mai jita, kana ganin gumin mai ganga. A nan na san Khruangbin, mutum uku daga birnin Houston, mace ce ke riƙe da bas, yawancin kiɗansu kuma ba magana. Sunan nasu kalmar harshen Tailan ce, ma'anarta jirgin sama. A 2022 sun yi faifai tare da Vieux Farka Touré na Mali, suka sa masa suna Ali, don tunawa da mahaifinsa Ali Farka Touré. Idan hanyar intanet ta yi sauƙi da tsakar dare sai in sauke abin da nake so in ajiye a katin talho, in saurara a hankali cikin mako.

Da na shiga karanta tarihinsu, labari biyu suka tsaya mini a rai. Na farko na Fugazi ne, ƙungiyar birnin Washinton da ta fara a ƙarshen shekarun 1980. Ɗaya daga cikinsu, Ian MacKaye, shi da abokinsa suka kafa ƙaramin kamfanin faifai, Dischord, tun 1980, suna naɗe kwalin faifai da hannunsu. Manyan kamfanoni sun neme su, suka ƙi. Suka dage kuɗin shiga wasansu ya tsaya wajen dalar Amurka 5, ba dala biyar tamu ta sefa ba, amma a can kuɗi ne da ɗan makaranta zai iya biya. MacKaye kuma sananne ne da ƙin giya da ƙwaya, a cikin sana'ar da ake yi wa kallon gidansu ke nan. Kiɗansu yana da kaushi, ba kowane dare nake iya shi ba, amma mutanen sun burge ni. Na biyu na Arctic Monkeys ne, samari daga Shafil ta Ingila. Sun riƙa raba faifan gwajinsu kyauta a wurin wasa, masoyansu suka ɗora a intanet suna tura wa juna. Kafin wani kamfani ya ɗauke su, jama'a sun riga sun haddace waƙoƙin. Da faifansu na farko ya fito a Janairun 2006, a ƙarƙashin ƙaramin kamfanin Domino, an sayi fiye da 360,000 a mako ɗaya.

Wata rana ina duba jerin wasannin KEXP sai ga wani dogon mutum da rawani da babbar riga, jita a hannun hagu. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, daga yankin Abalak da Cintabaradan. Ɗana na fari yana kusa, ya leƙo ya ce: «Baba, wannan ai kiɗan bikin Abzinawa ne. Me Turawa ke yi da shi?» Na ce masa ya jawo kujera mu gani tare.

Labarin Mdou ya kamata kowane malami a ƙasar nan ya san shi. Yana yaro ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa, abin ya shiga ransa. Gidansu ba a son kiɗa, kuɗin jita kuma babu, sai ya haɗa tasa da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, da irin na'urar gyaran murya da ake amfani da ita a waƙoƙin finafinan Hausa. Babu kamfanin da ya fitar da shi. Waƙoƙin suka kama hanya da kansu, daga talho zuwa talho ta Bluetooth da katin ajiya, a tasha, a fada wajen shan shayi, a bayan manyan motoci, har suka tsallaka Mali. A garin Kidal wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yana tattara waƙoƙin da ke cikin talhon mutane, ya ci karo da ɗaya daga ciki. Ya haɗa su a wani faifai mai suna Music from Saharan Cellphones, wato kiɗan talhon Sahara, wanda ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds na birnin Fotland ya fitar a 2011. Wahalar da ya sha ita ce gano masu waƙoƙin don ya ba su rabonsu, saboda da yawa sun yi ta yawo ba suna. Da ya samo Mdou, ya kawo masa jitar bahago. Abin da ya biyo baya sananne ne: faifan Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021 a ƙarƙashin kamfanin Matador na Niyok, da Funeral for Justice a 2024. A waƙoƙinsa yana maganar mulkin mallaka, da halin da mata ke ciki, da harshen Tamashek da yake tsoron yara su bari. Makaɗin da ke jiran mota daga ubangida da wuya ya buɗe baki haka.

Ba shi kaɗai ba ne. Bombino na Agadas ya je Nashbil ya yi faifan Nomad a 2013 tare da Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys, faifansa Deran na 2018 kuma ya shiga takarar kyautar Grammy, karo na farko ga ɗan Nijar. Etran de L'Aïr, wato Taurarin Abzin, ƴan'uwa ne na jini da suka yi shekaru suna kiɗan biki a unguwannin Agadas tun 1995 kafin duniya ta san su. Tal National na Yamai suna rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, wani ƙaramin kamfanin Ingila, FatCat, ya fitar da faifansu Kaani a 2013. Waɗanda suka fi taɓa ni su ne Les Filles de Illighadad, ƴan matan wani ƙauye kusa da Abalak. Fatou Seidi Ghali da jitar ɗan'uwanta ta koya. Faifansu na farko na 2016 a fili aka naɗe shi, rabi jita, rabi tande, wato turmin da mata ke rufe wa baki da fata su buga suna rera waƙa da tafi. Wanda ya saurari ɓangarorin biyu a jere zai ji cewa jitar daga cikin turmin ta fito.

Wannan shi ne daɗin da na samu a sauraron nan, kuma shi nake so in bayyana. Kunnen da ya tashi da kuntigin Ɗan Maraya da gurmi da kalangu ya riga ya san sirrin maimaici: ɗan gajeren zubi a yi ta juya shi, kowane zagaye da ɗan abin da ya ƙaru, har mutum ya manta da kansa. Shi ne a kiɗan mutanen Texas ɗin nan, shi ne a na Abalak. Bambancin kayan aiki ne da lantarki. Idan zan saurari sabuwar ƙungiya, sau uku nake ji. Na farko in bar ta ta wuce yadda take. Na biyu in bi bas da ganga kaɗai, don su ne ginshiƙin ɗakin. Na uku in bi jita, in ga inda take tambaya da inda ake ba ta amsa. Waƙar da ta tsira bayan ji uku ita ke samun wuri a katina.

To, ina ruwan malami da uba da wannan? Ruwansu ya zo ne daga talhon da ke hannun yaranmu. Yaron yau ba ya neman waƙa, waƙa ce ke nemansa. Na'urar TikTok da makamantanta tana lura da abin da ya tsaya ya kalla, ta ƙaro masa irinsa, guntu-guntu, daƙiƙa ashirin ko talatin, kafin ya gama ɗaya wani ya hau. Wannan ma ubangida ne, sai dai ba a ganinsa, kuma ba ruwansa da tarbiyyar kowa. A aji ina ganin sakamakon: yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma ba ya iya riƙe kunnensa a kan magana ɗaya ta minti biyar. Sauraro darasi ne kamar karatu da lissafi, koyonsa ake yi.

Na san damuwar iyaye, ni ma uba ne. A cikin rok akwai waƙoƙin batsa, akwai masu yabon giya da ƙwaya, akwai hotunan da ba zan yarda a kalla a gidana ba. Cin gashin kai bai wanke kowa ba. Maganar hukuncin kiɗa a addini kuwa ta malamai ce, kowane gida da wanda yake bi, kuma magidancin da ya ce ba a kiɗa a gidansa ina ganin girmansa. Abin da nake cewa ga sauran shi ne, hani na baki kawai ba ya shiga cikin abin kunnen da yaro ya toshe kunnensa da shi a bayan ɗaki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai tanƙwarawa kuma dole ya kama iccen da hannunsa.

Ga yadda muke yi a gidana. Duk abin da zan ba yara sai na fara ji ni kaɗai. In da Turanci ne, in nemi fassarar maganar, in ta ƙi ni in bar ta. Daren Asabar bayan lisha mukan zauna a tabarma, kowa ya kawo waƙa ɗaya, a ji ta daga farko har ƙarshe a lasifika, ba a tsallakewa, ba a taɓa talho. Bayan nan mai waƙar ya faɗi sunan masu ita, da ƙasarsu, da abin da ya sa ya zaɓe ta. Ta wannan hanya na san abin da ƴaƴana ke ji ba tare da na ƙwace talhon kowa ba, don wanda ya san zai kawo waƙa gaban uwarsa da ubansa yakan tace da kansa. Ƴata ta biyu, da ta ga Fatou da jita, tambayoyinta sun fi na kowa yawa, har ta sa muka nemo Abalak a taswira.

A lakwal ma na gwada kaɗan, da sanin darakta da kwamitin iyayen yara. A darasin labarin ƙasa mun bi hanyar waƙar Mdou a taswira: Abalak, Sakkwato, Kidal, sai tsallaken teku zuwa Fotland, yara suna auna nisa suna faɗin ƙasashen da aka ratsa. A darasin kimiyya mun ɗaura wayar birki a kan katako da gwangwanin madara, suka ga da idonsu cewa waya in ta yi gajarta ko ta ɗaure tamau sautinta na tashi sama, in ta yi tsawo ko ta saki yana sauka. Wani lokaci kafin shifta nakan sa musu kiɗa marar magana na minti uku, in ce kowa ya ɗaga hannu daidai lokacin da ganga ta shigo. Ajin kan yi tsit irin wanda bulala ba ta taɓa samar mini ba. Wani uba ya tare ni a ƙofar lakwal ya ce: «Mushe, an ce kana koya wa yara kiɗa.» Na ce masa: «Alhaji, kunne nake koya musu, ka zo gobe ka zauna a baya ka gani.» Ya zo, ya zauna, da aka tashi ya ce in dai iyakarsa ke nan ba shi da magana.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi. Makaɗin da ba shi da ubangida, mai sauraro ne ubangidansa. Mu nan mun saba waƙa kyauta ce: a tura ta Xender, a zuba a kati a kasuwa da ƴan kuɗi kaɗan, mai ita bai ga ko dala ba. Wannan yawon ne ya fitar da Mdou, gaskiya ne, amma ba shi ya ciyar da shi ba. A waje akwai shafin Bandcamp, inda ƙungiya ke sayar da waƙarta kai tsaye, shafin ya ɗauki kashi 15 cikin 100 na kuɗin waƙar da aka sauke, mafi yawan sauran ya tafi ga masu ita. A 2020 Sahel Sounds ta yi wani tsari: kowane wata wata ƙungiyar Sahel ta naɗi waƙoƙi da talho, ta tura ta WhatsApp, a sayar a Bandcamp, kuɗin duka na makaɗan. Etran de L'Aïr ne suka buɗe shi. Wato mutumin da bai taɓa taka Agadas ba yana biyan ƴan Agadas, mu da muke maƙwabtansu muna ji a banza.

Yawancinmu ba mu da katin banki na sayayya a intanet, albashin malami kuma kowa ya san tsawonsa. Duk da haka akwai abin da ke hannunmu. In za ka tura waƙa, tura ta da sunan masu ita, kada ta tafi a matsayin lamba. Mu da ke hukunta yaro in ya kwafi amsar wani, bai dace mu goge sunan mai aiki daga aikinsa ba. In za ka kalla a YouTube, nemi shafin ƙungiyar ko na kamfaninta. In suka zo wasa garinku, sayi tikiti ka shiga ta ƙofa. In ka ɗauko ƴan jita bikin ƙanenka, biya su abin da aka yi ciniki, cikakke, a ranar. In kana da ɗan'uwa a Turai ko Amurka mai tambayar tsarabar da kake so, ce masa ya sayi faifan ƴan Illighadad da sunanka. Yaba kyauta tukuici, in ji Hausawa, kuma yaran da ke zaune kusa da mu a tabarma suna kallon ko muna bayarwa.

Wanda ke son farawa, ya nemi wasan Mdou Moctar a KEXP, sai faifan farko na Les Filles de Illighadad, sai Khruangbin a daren gyaran littattafai. Ya kira yaran gidan su zauna tare, a ji har ƙarshe. In kun samo wata ƙungiyar da ta tsira bayan ji uku, ku turo mini, da sunanta.